Faifai ɗaya, da rana sdd da daddare sdc: wai wa ke raɗa wa kayan cikin kwamfuta suna?

Mai Saba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo, raina ne a ɓace tun daren jiya. Da rana na zuba Linux a wani filas da umarnin dd mai kwafe bayanai kai tsaye a kan faifai yana danne abin da ya tarar, filas ɗin ya fito da sunan sdc, bayan nan na jona faifan da nake ajiyar ko-ta-kwana ya fito a sdd, komai lafiya lau. Da daddare aka kawo mini wani filas ɗin a yi masa irin wancan, a tsakani kuma na sake kunna kwamfutar saboda sabuntawa, faifan ajiya yana jone ban cire ba. Na soka filas, na danna kibiyar sama umarnin rana ya dawo, na buga enta. Sai na ga fitilar da ke ƙiftawa ba ta filas ba ce, shuɗiyar nan ce ƙarama ta faifan ajiya. Wallahi sai da hannuna ya yi sanyi. Na tsayar da shi cikin daƙiƙa kamar biyar amma farkon faifan ya riga ya tafi, kuma aikin shekara uku ne a ciki. Ashe da aka sake kunnawa shi ya hau sdc, filas ya koma sdd.

Na san ban duba ba, ba sai an faɗa mini ba. Tambayata daban ce. Me ya sa babbar manhaja za ta ba abu suna wanda ba nasa ba, sunan da ya dogara da wa ya riga wa farkawa? In suna ba zai tsaya a kan abu ɗaya ba meye amfaninsa?

Malam Dattijo:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ƙanena. Kafin muhawara, cire faifan nan ka ajiye, kada ka rubuta komai a kai, kada ka yarda a yi masa fomat. In tsarin fayil ɗinsa ext4 ne yana ajiye kwafin babban bulo ɗinsa, wato bayanin yadda aka tsara shi, a wurare da dama cikin faifan, ka fara ɗaukar hoton faifan, wato cikakken kwafinsa gaba ɗaya, zuwa wani wuri sannan ka gwada manhajar ceto ta testdisk a kan hoton. Da yawa zai dawo in sha Allah.

Sai maganar suna. Gaskiyar ita ce sda da sdb da sdc ba suna ba ne, lambar layi ce. Kanel, wato zuciyar babbar manhaja, yana gano faifai sai ya ba shi harafi na gaba da ba a ɗauka ba, shi ke nan. Sunan yanka yana nan, leƙa /dev/disk/by-id za ka ga kowane faifai da kamfaninsa da samfurinsa da lambar siriyal, akwai kuma by-uuid da by-label. Shi ya sa ma fstab na yanzu, fayil ɗin da ke faɗin inda za a rataye kowane faifai, da UUID ake rubuta shi, wato lambar shaida da ba ta canzawa in an sake kunnawa.

Mai Saba:
Na gode Malam, na cire shi tun jiya. Amma ai ka kawo ni inda nake so. Sunan da yake da haɗari shi ne gajere mai harafi uku wanda yatsa ke bugawa ba tunani, wanda kowane darasi a intanet yake koya maka. Amintaccen kuma an kai shi can ƙuryar folda uku, tsawonsa ya fi harafi arba'in. An sa wuƙa a bakin ƙofa an ɓoye kuben a ɗaka. Ni a ganina juyawa ya kamata a yi.

Uwar Biyu:
Sannu Mai Saba, Allah ya sa a dace a dawo da su. Kada wani ya ɗauka matsalar Linux ce kaɗai, a Windows ma filas ɗinka yau E gobe F, na sha ganin manhajar ajiya da aka saita ta a kan E tana ta kwafe abu zuwa inda ba a nufa ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne C ɗin nan ba shi ne ainihin sunan ba. A ƙarƙashi Windows tana da bishiya guda ɗaya tak mai saiwa ɗaya, wadda sashen kula da abubuwa na kanel yake riƙe da ita, a can faifanka sunansa irin \Device\HarddiskVolume3 ne, C kuma mahaɗi ne kawai da ke nuni zuwa can. Ku sauke WinObj na Sysinternals ku buɗe ku gani da idonku, na'urori, direbobi, makullan da manhajoji ke amfani da su don kada su yi karo, sassan ƙwaƙwalwa da ake rabawa, har rajistar ma tana rataye a \Registry. Tsari ne mai kyau ƙwarai tun Windows NT na 1993, Dave Cutler da mutanensa suka gina bayan sun taso daga DEC inda ya yi VMS. Abin da ke ba ni takaici shi ne an gina wannan gida mai kyau sannan aka rufe shi da tsohon zanen DOS.

Dan Auta:
Anty dan Allah tambaya, ni fa tun ina yaro nake mamakin me yasa daga C ake farawa, ina A da B suka tafi

Uwar Biyu:
A da B na faifan fulofi ne ƙanena, ba ka riske su ba. Haruffan tun daga babbar manhajar CP/M ta shekarun 1970 suka zo, MS-DOS ya gada a 1981, kwamfuta tana da ramin fulofi ɗaya ko biyu, da babban faifai ya zo sai ya tarar an cinye A da B ya karɓi C. Fulofi ya mutu C ya zauna. Haka ma sandar nan mai karkata baya, DOS na farko ba shi da folda sam, kuma an riga an ba / aikin zaɓin umarni, da aka kawo folda a DOS 2.0 a 1983 sai aka ɗauki \ don kada su rikice. Kuma gwada ka buɗe folda ka sa mata suna CON ko NUL ko PRN ko AUX ka gani, za ta ƙi, don sunayen na'urori ne tun zamanin DOS kuma suna nan a kowace folda ba a ganinsu.

Dan Auta:
wlh na gwada yanzu yaki yarda. ikon Allah

Injiniya:
To kun ga abin da nake ta faɗa a zauren nan kenan. Rabin sunayen da muke haddacewa muna koya wa yara kamar wani ilimi ne mai zurfi, tarkacen tarihi ne kawai. Ku ɗauki /bin da /usr/bin. Ken Thompson da Dennis Ritchie da suka ƙirƙiro Unix suna aiki a kwamfutar PDP-11 farkon shekarun 1970, faifan farko ya cika, sai suka malala zuwa faifai na biyu wanda aka rataye a /usr inda kayan masu amfani suke, suka sake buɗe bin da lib a can. Faifai ne ya cika fa, ba hikima ba. Amma aka shekara arba'in ana ƙirƙiro dalilai, wai wannan na tashin inji ne wancan na bayan tashi ne, sai a 2012 Linux ɗin Fedora 17 ta haɗe su, Debian kuma sai a 12 ta 2023 ta gama wajabta haɗewar. /etc fa? Ma'anarsa "da sauransu", wato inda ake jefa abin da aka rasa wurinsa, yau shi ne gidan duk saitin inji. Fayilolin da ke farawa da ɗigo suna ɓuya, shi ma Rob Pike na Bell Labs ya ba da labarin cewa gajeren hanya aka bi a ls, umarnin jero fayiloli, don a tsallake . da .. sai aka duba harafin farko kawai, daga nan kowa ya fara ɓoye kayansa a gidan mai amfani. Buɗe gidanka da ls -a ka ƙirga shara nawa ke ciki.

Malam Dattijo:
Injiniya duk abin da ka faɗa haka ne ban musa ko ɗaya ba. Amma ka bar wani abu. Suna alkawari ne. Ranar da ka sa wa abu /bin/sh, duk wanda ya rubuta sikirif ya sa wannan a layin farko ya dogara da kai, kuma su miliyoyi ne ba ka san su ba, wasu sun mutu sikirif ɗinsu na nan yana aiki a wani inji da ba wanda ya taɓa shekara goma. Ko Fedora da ka ambata ai ba ta share /bin ba, mahaɗi ta mayar da shi, don ta san abin da zai biyo baya. Ni na fi son mummunan suna da ya tsaya da kyakkyawan suna da ke canzawa duk shekara biyu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya:
Malam da girmanka, wani lokacin kuma sabo turken wawa ne. Ka dubi Windows mai bit 64, fayilolin 64 suna cikin System32, na 32 kuma suna cikin SysWOW64. Saboda cika alkawari aka kai ga suna yana faɗin kishiyar abin da ke ciki. Wane ɗalibi za ka yi wa wannan bayani bai ɗauka kana tsokanarsa ba?

Uwar Biyu:
Wannan kam ba zan kare shi ba. Dalilin dai an sani, manhajoji da yawa sun rubuta System32 a jikinsu ƙiri-ƙiri maimakon su tambayi tsarin ina foldar take, to aka ga canza sunan zai karya su. Amma ka lura da yadda aka warware, in manhajar 32 ta nemi System32 sai a karkatar da ita a ɓoye zuwa SysWOW64, ita ba ta sani ba. Wato suna ɗaya, abu biyu, ya danganta da wa ke tambaya. Ka riƙe wannan Injiniya don na san inda za ka.

Injiniya:
Kin gano ni Hajiya. Can zan je. Babbar manhajar Plan 9. Mutanen da suka yi Unix ɗin su da kansu suka zauna a Bell Labs ƙarshen shekarun 1980 suka ce bari mu gyara abin da ya karkace. Don maganar "komai fayil ne" a Unix ba ta cika ba, katin netwok ba ya cikin /dev, soket, wato kafar haɗin netwok da Unix ɗin BSD ta kawo a 1983, yana da nasa kiraye-kirayen daban, sai kiran ioctl da aka mayar buhun da ake cusa duk abin da ya ƙi shiga karatu da rubutu. A Plan 9 netwok folda ne, /net/tcp, kana so ka buɗe haɗi sai ka buɗe fayil ka rubuta adireshi a ciki. Taga fayil ce, linzami fayil ne. Amma babban abin ba wannan ba ne, babban abin shi ne kowane aiki da ke gudana yana da bishiyar sunayensa ta kansa. Babu wata bishiya ɗaya ta duniya da kowa zai yi rigima a kanta. Kana iya ɗauko /net na wani inji can nesa ka ɗora a kan naka, manhajarka ta ci gaba da fita intanet ta wancan injin ba tare da an canza mata layi ɗaya ba. Kuma ba ka buƙatar dogon jerin wuraren neman umarni, sai ka haɗa foldoji da yawa a kan /bin su zama ɗaya.

Yanzu ka dawo kan Mai Saba. Da a ce taminal ɗin da ya buɗe don rubuta filas ba ya ganin komai sai filas, faifan ajiya ba shi da suna ma a wannan bishiyar, ta ina dd zai taɓa shi? Abin da ba ka iya kiran sunansa ba ka iya ɓata shi.

Mai Saba:
Wannan jimlar ta ƙarshe ta shige ni wallahi.

Malam Dattijo:
Ta yi daɗin ji, kuma akwai gaskiya a ciki, Linux ma ta ɗauko abin tun 2002 da aka sa mata keɓantacciyar bishiyar rataye faifai, shi ne daga baya Docker, mai killace kowace manhaja a kwantenarta, ya hau kai a 2013. Amma ni da nake kwana da injinan nan bari in faɗa muku kuɗin da ake biya. Da can in wani ya kira ni ya ce /etc/hosts ɗinsa ya lalace na san fayil ɗin da yake nufi. Yanzu sai na tambaye shi wanne, na injin ko na cikin kwantena, kwantena wacce, kuma aikin da yake lamba 1 a ciki a waje lambarsa dubu huɗu da wani abu. Na taɓa ɓata yini guda ina gyara fayil ina sake kunna manhaja ba abin da ya canza, ashe ita wani fayil take gani mai suna iri ɗaya sak a tata duniyar. Suna ai don mutum biyu su fahimci juna aka yi shi. In kowa da nasa ƙamus to an samu tsaro an rasa magana.

Injiniya:
Wannan matsalar kayan aiki ce Malam ba ta tsarin ba. A ba mai kula da inji taga ɗaya da zai ga duk bishiyoyin da wanda ke cikin kowace.

Malam Dattijo:
To ai wannan tagar ita ce bishiya ɗaya ta duniya da ka ce a rushe. Ka kore ta ta ƙofa ta dawo ta taga.

Mai Gyaran Waya:
Salam, ni ba injiniya ba ne amma ina so in sa baki don ni nake ganin ƙarshen wannan abu a hannun mutane. Kullum sai an zo mini da waya an ce an turo takarda an sauke an rasa inda ta shiga. A Android asalin wurin /storage/emulated/0 ne, wani wuri kuma a ce maka /sdcard alhali ba wani katin ajiya a wayar, manhajar fayil kuma ta rubuta maka "ma'ajiyar ciki", suna uku abu ɗaya. Da can hotunan WhatsApp suna folda mai suna WhatsApp a fili kowa ya sani, da aka tsaurara dokar ajiya wajen Android 11 suka koma Android/media/com.whatsapp, mutane suka yi ta zuwa a tsorace wai hotunansu sun ɓace. To wannan keɓewar da Injiniya ke yabo ita ce fa aka yi a waya, kowace manhaja da ɗakinta, kuma na yarda ta hana manhajar tocila karanta takardun mutum, amma mai wayar shi ma an rufe shi a waje. Dattijuwa ta zo tana neman muryar ɗanta da ya turo mata, ba ruwanta da com ɗigo wani abu, ita dai "saƙon da yarona ya turo ranar Juma'a" ta sani.

Uwar Biyu:
Mai Gyara ka taɓo wuri mai muhimmanci. Yadda dattijuwar nan ta kira abin shi ne yadda ɗan Adam yake kiran abu, wa ya turo, yaushe, meye shi. Ba ta hanyar folda cikin folda ba. An gwada gina wannan, tsarin BeOS a shekarun 1990 yana manna wa fayil siffofi kamar mai aikowa da kwanan wata ya kuma yi musu fihirisa, sai ka ajiye tambaya ta zama kamar folda mai sabunta kanta. Microsoft ta yi niyyar irinsa da WinFS ta watsar a 2006. Bishiya tana tilasta maka abu ɗaya wuri ɗaya, alhali rasit ɗin asibiti na bara yana cikin "lafiya" yana cikin "kuɗi" yana cikin "2024" duk a lokaci ɗaya.

Malam Dattijo:
Amma bishiya ce kaɗai za ki iya kwafewa a filas ki kai wani inji ta isa yadda take. Siffofin nan da fihirisa, tura fayil ɗin ta imel ki ga ko za su bi shi.

Uwar Biyu:
Haka ne Baba, nan kam ka kama ni.

Dan Auta:
ni kuma abinda ke damuna harshe ne. in an fassara waya ko kwamfuta zuwa hausa su ma foldojin za'a fassara? kuma ni kibod dina babu masu lankwasa, in wani ya sa ma fayil suna da k mai lankwasa ni na nema da k zalla bana samu

Uwar Biyu:
Tambaya mai kyau. An gwada hanya biyu. Windows XP na Jamusanci foldar manhajoji sunanta na gaske C:\Programme ne, sai manhajar da aka rubuta mata Program Files a jiki ta zo ta buɗe tata daban, ka tashi da folda biyu. Daga Vista aka daina, sunan da ke kan faifai ɗaya ne a duk duniya, fassarar a fuska kawai ake nuna maka. Mac ma haka take yi. Linux kuwa a gidan mai amfani da gaske take fassara su, shi ya sa sikirif da ya ɗauka akwai Downloads yake faɗuwa a injin Bafaranshe. Ni ina bayan hanyar Vista ɗari bisa ɗari, na'ura ta riƙe suna ɗaya da ba ya motsi, mutum a nuna masa da harshensa.

Batun ƙ kuwa, a wurin kwamfuta ƙ da k ba dangi ba ne ko kaɗan, lambobinsu daban a Unicode, kuma daidai ne don ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne. Manhajar nema ce ya kamata ta yi sassauci, ba tsarin fayil ba.

Injiniya:
A nan muna tare. Kanel na Linux bai ma san harafi ba, suna a wurinsa jerin bait ne har 255, komai ya halatta ban da / da sifili, ƙ kuma bait biyu take ci a UTF-8, wanda shi ma Thompson da Pike ne suka tsara shi a 1992 suna aikin Plan 9. Ranar da tsarin fayil ya ce zai daidaita babban baƙi da ƙarami to sai ya haddace dokar kowane harshe, ya san Ƙ ita ce babbar ƙ, ya san Turkawa suna da i mai ɗigo da marar ɗigo kuma babbar i ɗinsu ba I ba ce. Ga HFS+, tsohon tsarin fayil na Mac, da yake farfasa harafi mai alama a ka gida biyu kafin ya ajiye, ka kwafo fayil daga can sunan a ido iri ɗaya a bait daban. Wannan ba aikin kanel ba ne.

Uwar Biyu:
Sai dai mutum na gari in ya ga Rahoto da rahoto a folda ɗaya a matsayin fayil biyu zai ce injin ya haukace. Kuma ext4 ma ai an sa mata zaɓin rashin bambantawa a 2019.

Injiniya:
An sa, kuma har gobe ana faɗa a kai.

Mai Saba:
Ku bari in dawo da mu kan nawa don ina ta tunani tun ɗazu. Ina ganin abu uku muke cusawa a kalma ɗaya muna kira suna. Akwai shaidar abu, wadda ba ta canzawa har ya mutu, kamar siriyal ko UUID. Akwai inda abu yake a yanzu, rami na nawa, layi na nawa. Akwai kuma laƙabin da ni na ba shi don in gane shi. sdc adireshi ne ya sa rigar laƙabi, shi ya cuce ni. Kuma irin wannan ta taɓa faruwa da katin netwok, eth0 da eth1 suna musanya bayan sake kunnawa, dokar katangar tsaro da ka rubuta wa waje ta koma kan ciki, sai systemd 197, mai tayar da ayyukan Linux, a 2013 ya kawo enp3s0 da ire-irensu. Mutane suka yi ta zagi don muni, ni ma na yi. Amma ko shi ɗin adireshi ne, p3 lambar bas ce s0 lambar rami, na taɓa ƙara kati ɗaya a inji lambobin suka gusa enp3s0 ya zama enp4s0 netwok ya ɗauke, inji kuma yana wani gini.

Malam Dattijo:
Rabon nan naka uku ya yi, kuma Unix ta san shi tun farko a wajen fayil, sai dai ba ta kai shi ko'ina ba. Fayil a can ƙasa lamba ce, inod, suna kuwa layi ne kawai a cikin folda da ke cewa wannan kalma tana nufin wannan lamba. Shi ya sa fayil ɗaya zai iya ɗaukar suna biyar, shi ya sa kuma za ka share suna alhali wata manhaja ta buɗe fayil ɗin ta ci gaba da aikinta lafiya, don ita ba suna ta riƙe ba, abin ta riƙe. Wannan shi ne darasin da na fi so matasa su ɗauka. Ka nemi abu da suna sau ɗaya, a ba ka igiyarsa, daga nan igiyar za ka riƙe. Duk wanda ya duba suna yanzu ya dawo ya yi aiki da sunan anjima ya bar tsaga a tsakani, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓarayin intanet sun daɗe suna shiga ta nan, su musanya fayil tsakanin dubawa da buɗewa. Kai ma abin da ya same ka kenan, ka duba da rana ka yi aiki da daddare. Lambar aiki ma haka, ka ga 4312 ka je kashe shi ashe ya mutu an ba wani lambar, sai a 2019 Linux ta kawo pidfd don a riƙe aikin kansa ba lambarsa ba.

Injiniya:
To Malam ai ka shigo layinmu. Nix, tsarin girka manhajoji, ma wannan tunanin ne a wajen manhajoji, kowace tana /nix/store da dogon zanen yatsa a gaban sunanta wanda aka lissafo daga duk abin da aka gina ta da shi, iri biyu na laburare ɗaya su zauna gefe da gefe ba faɗa, sunan da kake bugawa kuma mahaɗi ne da za ka iya mayarwa baya in sabuntawa ta ɓaci. GoboLinux kuma ya bi ta ɓangaren mutum, /Programs sai sunan manhaja sai lambar fitowa, kana so ka cire ka share folda ɗaya.

Malam Dattijo:
Ban shigo ba tukuna. Na buɗe /nix/store sau ɗaya na ga layi dubbai duk sun fara da haruffa talatin da biyu marasa ma'ana, ƙarfe biyun dare inji ya faɗi ba wannan nake so in karanta ba. Shaida ta na'ura ce, a bar mata a ƙasa. Abin da nake nema a sama gajeren laƙabi ne wanda ni na zaɓa kuma ba wanda zai karɓe shi ya ba wani ba da sanina ba.

Mai Gyaran Waya:
Kuma a bar mai abu ya ga abinsa. A kulle manhaja a ɗaki, kada a kulle mutum.

Dan Auta:
to yaya Mai Saba yanzu me zakayi kenan, zaka koma windows ne

Mai Saba:
A'a ƙanena, can ma E da F suna jirana. Ga abin da na yi da safen nan. Kowane faifai na manna masa laƙabi da e2label, na ajiya zai zama ajiya1 in ya dawo, na rubuta wa udev, mai raɗa wa na'urori suna a /dev, dokar da ke duba siriyal ta buɗe mini /dev/ajiya1 ta kuma sa shi karatu kawai sai na buɗe da hannuna. Katin netwok na ɗaure su da lambar MAC, wato shaidar kowane kati, a fayil ɗin link, ɗaya waje0 ɗaya ciki0. dd kuma na nannaɗe shi a sikirif da ba ya karɓar sd komai, sai hanyar by-id, kuma sai ya nuna mini samfuri da girma na buga girman da hannuna kafin ya fara. Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne a ce ni zan zauna in gina wannan bayan na ƙone. Ranar farko da ka jona sabon faifai ya kamata tsarin ya tambaye ka me za a kira shi, ya riƙe har abada, lambar layi kuma a kai ta can ƙurya inda by-id yake yanzu.

Malam, hoton ya gama ɗauka yanzun nan. testdisk ya ga sashe ɗaya na ext4 amma yana nuna farkonsa a 2048, in ce ya rubuta ko in fara gwada umarnin gyara na e2fsck da kwafin babban bulo na 32768?

Malam Dattijo:
Kada ka rubuta tukuna. Yi kwafin hoton na biyu, ka rataye shi da losetup daga 2048 ɗin, sannan e2fsck da -n da farko ya nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa ba. Turo mini abin da ya fito, ina nan ban tashi ba.